Ƙunshin da Na Kwance

Masu bibiyar labarin nan, yau ku gyara zama, don abin da zan faɗa ba irin wanda kuka saba ji daga bakina ba ne. Kun saba in ba ku labarin ranar da rufin sito ya rufto a kanmu mu bakwai, ni kaɗai na fito da ƙafata, ko ranar da babbar mota ta kife da ni ina saman kaya, na tashi na karkaɗe rigata na tambayi ina hulata. Duk gaskiya ne, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma yau kwana huɗu ke nan ina tauna abinci kamar ina tauna kwali.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni tsoho ne, na haura saba'in, ban taɓa zama a aji ba. A jikin kwalaye na koyi karatu, shi ya sa har gobe na fi jituwa da manyan baƙaƙe. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ɗaure kaya a sito, har aka manta sunana aka koma ce mini Sarkin Ɗauri. Ƙa'idata guda ce. Duk kwalin da ya biyo ta hannuna, ko uban waye ya ɗaure shi, sai na kwance, na duba, na fid da shara, na sake ɗaurewa. Ba a taɓa dawo mini da kaya an ce sun fashe a hanya ba. Ko sau ɗaya.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage tare da ni tun rasuwar mahaifiyarta. Aikinta a kwamfuta yake, a ɗan teburin da ke jikin taga a falo. Akwai wata babbar ƙungiya da ke tattara dubban manhajoji, ta jera su su zama tsari ɗaya da mutane ke sa wa kwamfutocinsu. Masu rubuta manhaja daban, masu shirya ta don ta shiga rumbun ƙungiyar daban. Auta tana cikin masu shiryawa. Shekara biyar ta yi tana aiki a ƙarƙashin idon wasu kafin suka yarda da makullinta, wato wani sa hannu na sirri da ke cikin kwamfutarta, wanda in ta buga shi a jikin kaya, rumbu ya buɗe mata. Ranar da aka yarda da shi ta zo ta tsuguna a gabana ta ce, "Baba, ashe aikinka nake yi. Ni ma ɗaure kaya nake." Na yi sati ina ba mutanen layinmu wannan labarin, har mai aski ya fara kunna rediyo in ya hango ni.

Abu ɗaya ne muka saɓa a kai. Ta ce in mai manhaja ya gama aikinsa, yakan dunƙule fayilolinsa duka cikin ƙunshi ɗaya ya ajiye a shafinsa, tare da wata doguwar lamba wadda ita ce shaidar ƙunshin. In aka taɓa ko ɗigo ɗaya a ciki, lambar ta canza. Mai shiryawa zai ɗauko ƙunshin yadda yake, ba ya ragewa ba ya ƙarawa. Duk gyaran da zai yi, a gefe yake rubuta shi, faci-faci, kowa ya ga abin da mai asali ya yi da abin da shi ya ɗora. In dole ta sa a cire wani abu, to sai a canza wa ƙunshin suna a rubuta dalili a fili. Na ce mata wannan ƙa'idar malalata ce, mai ɗauri na gaske ba ya miƙa kwalin da bai sa hannu a cikinsa ba. Ta yi dariya ta ce in riƙe sitona ta riƙe nata. Kun ji dai, an gaya mini. Ba zan iya fakewa da rashin sani ba.

Sai Tsinke. Ni na sa masa sunan, don in ya tsaya ta gefe sai ka neme shi ka rasa. Shi ne mai neman aurenta, kuma shi ne mai rubuta wata manhaja da ƙananan asibitoci ke amfani da ita wajen lura da sanyin firjin magani. Auta ce ke shirya masa ita, ta nan suka haɗu. Shekara biyu suna musu a kan faci kafin su san fuskar juna. Ban ɓoye muku ba, jinina bai haɗu da nasa ba. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni, cikin farar riga mai dogon hannu da ya ɓalla maɓallanta har maƙogwaro, ya kawo mini agogon bango a kwali da aka naɗe da salatif kamar an yi wa ɗan yatsa bandeji. Na ba shi labarin rufin sito tun daga farko, da na kai ƙarshe abin da ya ce kawai shi ne, sauran shidan fa, suna da iyali? Wa ya tambaye shi? Yayata, wadda Auta ke kira Gwaggo, ita kuwa kamar ita ta haife shi. Kullum sai ta kira ni a waya ta tambayi yaushe zan bar taurin kai in tsayar musu da rana. Ni kuma in ce ina nazari.

Sati uku da suka wuce Auta ta zame a matakala ta karya hannun dama. Aka sa mata filasta daga yatsu har gwiwar hannu. Aiki kuma ba ya jira, sai na zama hannunta. Ta zauna a gefena da tsohuwar rigar sanyin mahaifiyarta, mai ruwan toka, don ita kaɗai ce hannunta ke da faɗin da filastar za ta shige, tana cewa danna nan, ja wancan, buga wannan. Har kalmar buɗe kwamfutar ni nake buga mata, don doguwa ce kuma hannun hagu yana ba ta kuskure. Cikin kwana goma na iya sauke ƙunshi, na iya buɗe shi, na iya dunƙule shi. Na ce mata da an sa ni a makaranta da yanzu ni ke koyar da su Tsinke.

Ranar Talata da safe Tsinke ya fitar da sabon ƙunshi. Muka sauke shi, Auta ta gwada lambar shaida ta ga ta yi daidai, ta ce in ta dawo daga asibiti za mu ƙarasa, don ranar za a duba hannun. Tsinke ya zo da motarsa ya ɗauke ta wajen ƙarfe tara da rabi. Aka bar ni da kofin shayi da kwamfuta.

Wallahi da farko leƙawa kawai na yi niyya. Na ce bari in ga yadda yaron nan yake ɗaure kayansa. Na buɗe. Sai ga fayil, babu komai a cikinsa, sifili. Na shiga wata jakar fayilolin, ga wani mai irin sunan, shi ma wayam. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, tara cif. Kwalaye tara babu kaya, an loda su a mota za a tura wa mutane! Raina ya yi fari ƙal, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce ka ga irin mijin da Gwaggo ke so in ba 'yata, ko shara bai iya sharewa ba. Na goge su duka, na dunƙule ƙunshin, na sa masa sunansa na da, na ajiye a inda yake. Na wanke kofina. Niyyata sai ranar da aka taru in ba da labarin yadda na rufa wa surukina asiri.

Da Auta ta dawo ta gaji, hannun yana mata zogi. Tun da ta riga ta gwada lambar da safe ba ta sake ba. Ta ce danna, na danna. Ta ce buga, na buga. Kaya suka tafi da sa hannunta a jiki.

Laraba da hantsi saƙo ya shigo wayarta. Akwai wata mata a ƙungiyar da suke kira Mai Tantancewa, ita ke tsaye a ƙofar rumbu. Auta ta karanta a fili, don ta saba karanta mini komai:

"Ƙunshin da kika turo bai dace da na shafin mai asali ba. Fayil tara sun ɓata, kuma ba tare da su ba ɓangaren ƙararrawa ba ya tashi. Babu canjin suna, babu bayani. Na tsare kayan a ƙofa, na dakatar da makullinki har sai mun san wa ya taɓa ƙunshin."

Ashe fayilolin nan marasa komai alama ce. Kasancewarsu a jaka shi ke gaya wa manhajar cewa jakar nan tata ce. Ni da na yi shekara arba'in ina manna wa kwali takardar shaida, ban gane takardar shaida ba da na gan ta. Kuma ƙararrawar da matar ta ambata, ita ce mai kuka in firjin magani ya ɗumama.

A nan ya kamata in buɗe baki. Ina zaune a kujerata, tazarar taku biyu, carbi a hannu. Na ci gaba da jan carbina. Auta kuwa ta riga ta yi nata lissafin. Ta san ita ba ta taɓa ba, ba ta kuma kawo ni a ranta ba ko kaɗan. Sai ta yanke cewa Tsinke ne ya fara ɗora ƙunshi mai kuskure tare da lambarsa, ya gane daga baya, ya musanya a ɓoye da suna ɗaya bai gaya wa kowa ba. A wurinsu wannan babban abin kunya ne. Ta kira shi. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce masa ya bar ta ta ɗauki ƙazantarsa a ka, ta ce shekara biyar ɗinta ya zubar don ya kasa cewa na yi kuskure. Ina jiyo muryarsa siririya yana rantsuwa cewa ƙunshi ɗaya ya ɗora. Ta ce kada ya sake kiranta, ta kife wayar a kan tebur.

Ku saurari abin da na yi. Na gyara murya na ce mata dama ni tun ranar agogon nan na san yaron bai iya ɗauri ba.

Na rubuta na goge wannan layin sau uku. Na bar shi don haka aka yi.

Alhamis Gwaggo ta iso da sassafe, da mayafinta mai ruwan ƙasa da jakar magungunanta, ta zauna a kan gadon Auta tana lallashi. Ta fito ta same ni a tsakar gida ta ce in je in sasanta yaran, ni ne babba. Na ce ba na shiga sha'anin ilimi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce tun muna yara ba ta taɓa ganin maganar da na ce ba na shiga ba, ko lafiya? Na ce ciwon kai nake. Ta ce to Allah ya sa na kai ne. Auta ta daina fitowa falo sai in za ta ɗauki ruwa. Ta ɗauke kwamfutar ta kai ɗakinta, ta ce za ta lallaɓa da hagu. Na ɗauka fushin duniya ne kawai. Juma'a ta wuce haka, gidan shiru, sai ƙarar agogon Tsinke a bango, wanda ban taɓa lura yana da ƙara haka ba.

Yau Asabar bayan azahar ina zaune a bencin mai aski sai ga motar Tsinke. Ya fito da wata riga duk ta yamutse, maɓalli ɗaya a ramin da ba nasa ba. Ya gaishe ni har ƙasa kamar kullum, ya roƙi mu ɗan matsa gefe. Muka tsaya a inuwar shagon mai faci. Ya ciro wayarsa ya nuna mini jerin sunayen jakunkuna da lambobi a gefensu. Ya ce ya karɓo ƙunshin da aka tsare ya duba cikinsa. Ya ce ƙunshi yana riƙe lokacin da aka taɓa kowace jaka, kuma jakunkuna tara suna ɗauke da lokaci ɗaya.

"Talata, ƙarfe goma da minti hamsin da biyu," ya ce. "A lokacin, Baba, ina riƙe da jakarta a layin ɗaukar hoton ƙashi."

Bai ce kai ne ba. Ya tsaya yana kallon tayar da mai faci ke dannawa cikin ruwa. Ni da na yi wa manajoji uku tsawa a rayuwata, na rasa inda zan ajiye idona. Na fara cewa ai fayilolin babu komai a ciki, sai na ji yadda maganar ta fito na haɗiye sauran.

Ya ce bai zo don ya kunyata ni ba. Ya ce ya riga ya rubuta wa ƙungiyar da safe cewa shi ne ya musanya ƙunshin a ɓoye, yana neman afuwa, a mayar wa Auta makullinta. Na tambaye shi me hakan zai jawo masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce daga yau duk abin da ya fitar za a riƙa yi masa kallon mai sauya kaya bayan an rufe, wasu asibitocin ma za su iya komawa wata manhajar. Shekara takwas yana gina sunan nan. Ya ce suna ana sake ginawa.

"Abu ɗaya nake roƙo, Baba. Kada ta san na zo. Tana ganin girmanka fiye da yadda kake tsammani."

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na san abin yi, don na iya faɗa. Ya buɗe mini ƙofar mota ya ce ya sauke ni gida, na ce ƙafata lafiyarta lau. Na taho ina tafe ina jin kamar duk layin sun san abin da na yi. Mai shago ya ɗaga mini hannu ya ce Sarkin Ɗauri, na sunkuyar da kai na wuce.

Na same ta a ɗakinta, zaune a ƙasa ta jingina da gado, kwamfutar a kan cinya, gashinta ko tajewa ba ta yi ba. Filastar ta yi dauɗa a bakin yatsu. Ban zauna a kujera ba, na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, abin da gwiwoyina suka daina yarda da shi tuntuni. Na yi watsi da roƙon Tsinke tun a numfashin farko. Na gaya mata komai, shayin, fayil taran, farin cikin da na ji, da abin da yaron ya rubuta da safe. Ban yi wa labarin ado ba, karo na farko a rayuwata.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Na sani, Baba. Tun Alhamis."

Ta ce ita ma ta iya karanta lokaci a jikin jaka. Ta ce tun da ta gani ta ɗauki waya ta fi sau ashirin za ta kira shi, ta kasa, don ba ta san da wane baki za ta janye abin da ta faɗa masa ba tare da ta ambaci sunana ba. Sai a nan maganar wasiƙarsa ta isa kunnenta sosai. Ta miƙe zaune ta tambaye ni ƙarfe nawa ya ce ya tura. Na ce da safe. Ta rufe fuskarta da hannun hagu. Ashe ita ma, da yatsa ɗaya, ta kwashe awa biyu tana rubuta tata wasiƙar, ta tura da tsakar rana ba tare da ta duba abin da ya shigo ba. A ciki ta ce ita ce ta kwance ƙunshin ta sake ɗaurewa, zafin ciwo ya sa ta manta ba ta rubuta bayani ba.

Mutum biyu sun yi ƙarya a gaban jama'a, kowa ya shafa wa kansa baƙi, saboda wani tsoho mai baki.

Wayar ta yi ƙara a kan katifa. Ta miƙo mini ta ce saƙon Mai Tantancewa ne, in karanta da kaina. Na bi haruffan a hankali:

"Ƙunshi ɗaya, masu laifi biyu, kuma labaranku ba su haɗu ba. Ɗayanku aƙalla bai faɗi gaskiya ba. Zan kira ki ƙarfe biyar."

Saura minti shida. Na ce shi ke nan, ni zan yi magana, in gaya wa matar cewa jahilcina ne, a wanke su duka biyu. Na ma fara jin ƙarfi yana dawo mini, na fara tsara yadda zan faɗa. Auta ta girgiza kai.

"Baba, kana ganin don girmanka kaɗai na yi shiru? In ka faɗa, abin da za ta ji shi ne na ba wani kalmar buɗe kwamfutar da makullina ke ciki, sati uku. Mantuwar bayani ana yafewa da gargaɗi. Wannan kuwa karɓe makullin ake yi, in sake farawa daga ƙasa, in ma sun yarda."

Na ce to in na yi shiru fa?

"In ka yi shiru, sai na nace a kan ƙaryata, in ce shi ne maƙaryacin da ya so ya kare ni. Ko in janye tawa in bar shi da tasa."

Daga falo muna jin Gwaggo ta shigo tana sallama tana tambayar ina mutanen gidan suka shige. Na dubi yarinyar nan da na ɗauka a kafaɗa zuwa makarantar da ni ban shiga ba, na ce mata duk abin da ta zaɓa shi zan yi, in ta ce in haɗiye maganar har kabari zan haɗiye. Ban taɓa miƙa wa wani mahaluƙi bakina ba sai yau.

Wayar ta fara ruri a hannuna. Sau ɗaya. Sau biyu. Auta ta ja hannun rigar sanyin ta goge idonta, ta rufe kwamfutar ta ture ta gefe.

"Ɗauka, Baba. Ka sa yadda zan ji. Ka fara daga ranar da na ba ka kalmar."

Na danna koren maɓalli. Muryar mace ta yi sallama, a natse, ta kira Auta. Na ce ba ita ba ce, mahaifinta ne, kuma ita tana nan tana ji.